Sa Aka Yanka, Jela Aka Miƙo Mana

Lebura, Ƙofar Guga:
Salamu alaikum. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Ruwa ya ci gari, gwamnati ta fid da kwangila,
Muka ɗau kwanon sarki tun ba a idar da salla,
Mu kwaɓa, mu jera bulo, rana tana gasa hula,
Jingar yini ko tiyar gero ba ta saye, sai ƙwalla.
Ina gina wa unguwa kwalbati da magudana,
Ɗakina da ya rushe, har yau babu mai kula.

Birkila, Daura:
Ƙanena, bi sawun kuɗin, can ne gidan matsala,
Wanda ya ci aikin ya sayar da shi ga dila,
Dila ya yanki nasa, ɗan kamasho ya lasa,
Sa aka yanka a ofis, mu aka miƙo wa jela.
Dubu 70 ɗin da aka sa wa hannu a 2024,
Na masu albashi ne, ɗan jinga ba ya cikin jimla.

Ƙaramin ɗan kwangila:
Ku yi mini adalci, 'yan uwa, ba ni na cinye ba,
Tun cire tallafin mai a 2023 siminti bai sauko ba,
Rodi ya hau, tifar yashi ba ta tsaya ba,
Takardata tana kan tebur, ba a biya ni ba.

Mai tuwo a bakin aikin:
Alhaji, ka ce ba a biya ka ba, to mota fa sabuwa?
Ni nake ciyar maka da yaran nan bashi,
Littafina ya cika, tukunyata ta rame,
Kowa ya ci sai ya ce, "Inna, sai Juma'a."
Juma'a uku ke nan, ko kuɗin daddawa ban gani ba.

(Ni ban iya amsa-amo ba, ku karɓa a haka.)

Dattijo, Jibiya:
A 2018 na ga ruwa ya kwashe gidaje da dare,
Mun binne namu da safe, zuciya a ɗaure,
In mai kwaɓa na jin yunwa, ginin ba ya ɗaure,
Siminti kaɗan, yashi tuli, damina ɗaya ya tsattsage.

Lebura:
Baba, na ji. Inna, ki ƙara haƙuri da ni,
Gobe ma da asuba shebur yana hannuna,
Alhaji, in takardar ta fito, fara da mai tuwo.