Kifin burbot yana suɓuce mini a bakin ramin ƙanƙara

Salam 'yan'uwa masu kamun kifi a Kanada. Ina fita tafkin Diefenbaker a Saskatchewan neman burbot, kifin nan mai santsi kamar tarwaɗa, mai gemu ɗaya tak a haɓa. Yanzu Fabrairu ne, lokacin da suke taruwa don zuba ƙwai, don haka samunsu ba wuya. Saman tafkin ya daskare, sai in huda rami a ƙanƙarar in zura zare ta ciki. Bayan magariba nake farawa, da ƙugiya mai haske a duhu, in maƙala mata ɗan mataccen kifi, in riƙa buga ta a ƙasan ruwa. Suna kamawa kuwa.

Fito da su ne ya gagare ni. Da zarar kifin ya iso ƙasan ramin sai ya lanƙwashe, ya gitta jikinsa, kan ya ƙi shiga, zaren ya gogi gefen ƙanƙara ya tsinke. Na sa zare mai kauri, sanyi ya sandarar da shi har na daina jin cizo. Na sassauta jan, ƙugiyar ta fita. Ramina inci 6 ne, ƙanƙarar ta kusa ƙafa 3.

Don Allah, yaya kuke juyo kan babban burbot ya shigo ramin ba tare da zaren ya tsinke ba?