Neman wakili da manaja a Hollywood

Wani matashi mai son shiga harkar fim a Los Angeles ya tambayi tsofaffin hannu yadda zai samu wakili da manaja. Suka fara bambance masa su. Wakili ne ke nemo maka aiki, a Kalifoniya sai da lasisi yake yi, kuma yakan ɗauki kashi 10 cikin 100 na kuɗinka. Manaja kuwa shawara yake bayarwa, rabonsa kan kai kashi 15.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa duk wanda ya nemi kuɗi kafin aiki ya samu, a guje shi. Nan kam na yarda da su. Suka ƙara da cewa ya tanadi hoto mai kyau da gajeren bidiyon wasansa, ko da daga finafinan ɗalibai ne, kafin ya tunkari kowa.