Kallon tsuntsaye da hunturu: tafkin kan tsauni ko na hamada?

Mai_Lura: Assalamu alaikum. Mai son kallon tsuntsayen ruwa a tsakiyar hunturu a ƙasashen sanyi, ina ya fi kamata ya nufa, tafkin kan tsauni ko na hamada? Kuma madubin hangen nesa mai 8x42 (mai ninka girman hoto sau 8, faɗin gilashinsa milimita 42) ya wadatar?

Baba_Zalɓe: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsuntsu ruwan da bai daskare ba yake bi, kai ma shi za ka bi. A kan tsauni, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, kuma ƙanƙara daga gefe take fara kama tafki, wurin da ba zurfi. Agwagin da ke kiwo a bakin ruwa su ne ke fara tashi su gangara ƙasa. Masu nutso kuwa sukan zauna har sai tsakiyar ma ta rufe. Don haka kada ka ɓata lokaci kana zagaye tafkin. Nemi mashigar rafi ko ƙasan madatsar ruwa, inda ruwa ke gudu: nan suke cunkushewa, kuma sau da yawa za ka ga mikiya a kan busasshiyar bishiya tana dakon mai rauni a cikinsu. Kada ka taka ƙanƙarar wurin, gudun ruwan na cinye ta ta ƙasa.

Hajiya_Gauraka: Malam, in yawa kake so, hamada ta fi. Tafkin Salton na jihar Kalifoniya a Amurka misali ne, ko da yake gishirinsa ya ƙaru har kifi ya ragu, masu cin kifi suka ja baya. Matsalar hamada lokaci ce. Ka isa kafin fitowar rana. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗumama, iskar da ke samanta sai ta fara rawa kamar kawalwalniya, duk abin da ke nesa ya dagule. A nan ƙara girman hoto zuwa ninki 60 a babban madubi mai ƙafa uku ba ya amfani, rawar kawai yake ƙarawa. Ka dawo 20 ko 30. 8x42 ɗinka ya isa ga na kusa, amma garken da ke tsakiyar ruwa sai babban madubi mai ƙafa uku. Ka tsaya rana na bayanka, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za ka gani. Sannan farin ɓawon gishirin bakin tafki yaudara ne, ƙarƙashinsa taɓo ne mai riƙe ƙafa, balle mota.

Ɗan_Shaho: Ƙari kaɗan. Sanyi na zuƙe batir, ka ajiye na biyu a aljihun ciki. Kafin ka shiga mota mai ɗumi, rufe madubi da kyamara a jakar leda, in ba haka ba gilashin zai yi gumi. Kuma in agwagi suka miƙe wuya suka daina kiwo, ka matso da yawa, ja baya. Kowane tashi ƙarfi yake ci musu, a lokacin da abinci ya yi ƙaranci.