Wane suna za mu sa wa operetta da Hausa?

1/ Salamu alaikum jama'a. Ana rubuta taƙaitaccen tarihin Reynaldo Hahn da Hausa, sai aka cije tun a jumlar farko. Faransawa sun san shi da tsara abin da suke kira opérette, Italiyawa kuma operetta, mu kuwa ba mu da sunan da muka saba da shi. Na jefa tambayar a nan, kun ba da amsoshi, Allah ya saka. Bari in bi su, in faɗi inda na tsaya.

2/ Shi mutumin tukuna. An haife shi a Karakas ta Benezuwela a 1874. Mahaifinsa Bajamushe ne ɗan asalin Yahudawa daga Hambog, mahaifiyarsa 'yar ƙasar. Yana ɗan shekara uku gidansu ya koma Faris. A 1885 ya shiga babbar makarantar koyon kiɗa ta birnin, ya yi karatu a gaban mai tsara kiɗa Jules Massenet, kuma bai cika shekara 15 ba ya ɗora wa wasu baitocin marubucin Faransa Victor Hugo murya, waƙar ta zagaye zaurukan masu hali na Faris. Shi da kansa yake zama a gaban fiyano yana kaɗawa yana rerawa, sau da yawa da taba a gefen baki. Ya zama ɗan ƙasar Faransa, ya shiga soja a yaƙin 1914. Da Jamusawa suka mamaye Faris a 1940 aka hana kiɗansa saboda asalin mahaifinsa, ya koma kudu har zuwa 1945. A 1945 aka ba shi shugabancin gidan opera na Faris (opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da kiɗa), ya rasu a Janairun 1947.

3/ Kada mu yanke suna ba mu ga abin ba, don haka ga wasansa da ya fi shahara, Ciboulette, wanda aka fara nunawa a 1923. Labarin a 1867 yake, a Les Halles, babbar kasuwar kayan abinci ta Faris. Yarinya ce 'yar ƙauye da ke kawo kayan lambu a amalanke, sunan nata ma na wani siririn ganyen albasa ne. Samari sun yi mata yawa, ta rasa na zaɓa. Wata mai sayar da kifi da ke taɓa duba ta ce mata a ƙarƙashin kabeji za ta tsinci mijinta, kuma za ta ƙwace shi daga hannun matar da za ta yi fari fat farat ɗaya. Ai kuwa wani ɗan masu kuɗi da budurwarsa ta yaudara ya yi barci cikin amalanken kabejinta, kishiyar kuma aka juye mata fulawa a ka. 'Yan wasa suna magana kamar kowa, zance ya kai wani wuri sai makaɗa su ɗauka, a shiga waƙa, a gama a koma magana. Duk sunan da za mu sa, sai ya ɗauki wannan.

4/ Amsar da ta fi yawa ita ce “ƙaramar opera”. Masu ita suna da hujja, don ɗafin da ke ƙarshen kalmar na ƙanƙantawa ne. Akwai ma tarihi a ciki: lokacin da Jacques Offenbach, wanda ya yi suna da tsara irin wannan wasa, ya buɗe gidan wasansa na Bouffes-Parisiens a 1855, lasisin da hukuma ta ba shi ya ƙayyade masa 'yan wasa ƙalilan a kan dandamali, sai a 1858 aka sake masa mara. Ƙanƙantar tasu ta doka ce. Amma Ciboulette kashi uku ne, da 'yan amshi da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, dare guda ake kwashewa ana kallo. Ina ƙanƙantar? Sannan wanda bai san opera ba, in ka ce masa ƙaramar opera, ba ka gaya masa komai ba.

5/ Malam, kai da ka kawo “wasan barkwanci mai waƙa”, da Offenbach kaɗai muke magana da na sa hannu, don shi gumakan Girkawa ya mayar abin dariya yana zolayar manyan zamaninsa. Hahn ba nan ya dosa ba. A tsakiyar Ciboulette akwai wurin da dattijon da ke kula da kasuwar yake ba yarinyar labarin masoyiyarsa da ta rasu suna ƙuruciya, kiɗa na tafiya a hankali ƙarƙashin maganarsa. Ba mai dariya a wurin. Barkwanci zai sa mai karatu ya zaci shirme zai gani daga farko har ƙarshe, alhali rabin daɗin wasan begen tsohon Faris ne da mutanen 1923 suke ji, bayan yaƙi ya cinye musu samari.

6/ Wani ƙanena ya ce a kira shi “tashen Turawa”. Na yi dariya, kuma ƙane, ba ka yi nisa da gaskiya ba: a tashe ma akwai shiga, akwai waƙa da amshi, akwai zambo cikin wasa. Sai dai tashe da azumi yake tafiya, na yaran unguwa ne, gida-gida ake bi. In muka ara wa operetta sunan, mun ɓata kalmar tamu, ba mu kuma gyara tasu ba.

7/ Hajiya daga Damagaram ta ce a daina wahala, a ce “operet” kawai, tunda duk wanda ya yi lakwal ya taɓa jin ta. Hajiya, ban ƙi aro ba, ai fiyano da rediyo ma aro ne. Su dai kaya ne, ana ganinsu a san su. Wannan kuwa nau'in wasa ne da yawancin masu karatunmu ba za su taɓa zama a gabansa ba, saboda haka sunan ne zai yi musu bayani. Ga kuma rabuwar baki: na Kano zai rubuta ofareta, na Maraɗi operet, mai nema a intanet ya rasa wacce zai buga.

8/ “Wasan waƙa da zance” ya kusa, har na so in tsaya a kansa. Abin da ya hana ni shi ne Carmen ta Georges Bizet. Da aka fara nuna ta a Faris a 1875 da maganganu a tsakanin waƙoƙi aka yi ta, kuma da kisan kai take ƙarewa. Ba Bafaranshen da zai kira ta opérette. Ashe zance kaɗai bai raba su ba, sai an duba irin zancen.

9/ Ga nawa: wasan waƙa da raha. In Bahaushe ya ce ana raha, ana hira ne cikin nishaɗi, a zolayi juna, a yi dariya, wani ma ya tuno abin da ya wuce jiki ya ɗan yi sanyi, a tashi ba wanda ransa ya ɓaci. Kalma ɗaya ta ɗauko mana maganar da ake yi tsakanin waƙoƙi, ta kuma ɗauko yanayin. Zolayar Offenbach ta shiga, dattijon kasuwar Hahn ya shiga, Carmen ta tsaya a waje. Ita opera kanta sai mu bar mata “wasan waƙa” zalla, a ji dangantakarsu a suna. Jam'i ba wuya: wasannin waƙa da raha.

10/ An ce ya yi tsawo. Kalma huɗu ce, “wasan kwaikwayo na rediyo” ma huɗu ne, ba wanda ya yi ƙorafi. A rubutu, karon farko a kawo shi tare da sunan Faransancin, daga nan a riƙa cewa “wasan”.

11/ Wani gyara da ya taso a hanya: kada a rubuta cewa Hahn mawaƙi ne a tsaya nan. A wurinmu mawaƙi shi ke ƙirƙirar baitoci ya rera abinsa. Hahn bai rubuta kalmomin Ciboulette ba, aikin Robert de Flers da Francis de Croisset ne, kamar yadda gajerun waƙoƙinsa baitocin su Hugo da Paul Verlaine ne. Nasa shi ne muryar da za a rera da abin da kowane makaɗi zai kaɗa, a rubuce. “Makaɗi” ma ya gaza, don a zauren wasa ba shi ke riƙe da kayan kiɗan ba. “Mai tsara kiɗa” ya wadatar.

12/ Jumlar da ta tsayar da mu za ta fita haka: Reynaldo Hahn (1874–1947) mai tsara kiɗa ne ɗan Faransa, haifaffen Karakas, wanda ya yi suna da gajerun waƙoƙin da ake rerawa da fiyano da kuma wasannin waƙa da raha irin su Ciboulette. Su waɗannan gajerun waƙoƙin Faransawa suna da suna na daban da suke kiransu, mélodie. Wanda ke da shawara a kanta ya ajiye a ƙasa, a buɗe mata nata zaren.