In tsaya asambuliman ko in sayi aboboya?

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'a. Samarin bes ɗinmu, wajen zaman hirarmu a Mamobi nan Accra, sun matsa min lamba wai in tsaya asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, a zaɓen 2027. Abin da ke raina a rufe ƙananan gotocin layinmu, a samo kwantenar bola kusa, a dasa itatuwa bakin hanya, don in zafin Maris ya zo ba inuwa sai rumfar mai koko. Sidi 15,000 na tara kuma na sayen aboboya ne, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sannan wanda ke kan kujerar abokin babana ne. Waɗanda suka taɓa tsayawa nawa kuka kashe, kuma maganar itace tana kawo ƙuri'a a Zango?

Baba Sidi: Ƙanena wace jam'iyya za ka bi? Ka fara zuwa wajen ciyaman.

Ɗan Mamobi: Baba ai wannan zaɓen ba jam'iyya, doka ta hana a sa tambarinta a fosta.

Baba Sidi: A takarda kenan. Ka tsaya ka gani.

Alhaji Tela: Yaro ka saurare ni, ni na tsaya a Disamba 2019 da irin wannan magana taka. Na sayo dogonyaro da mangwaro na dasa tun daga bakin masallaci har famfo, na kewaye su da katako da kuɗina, ranar Asabar ni da yara muna cikin gota da shebur har gwiwa muna fito da ledar fiyawata. Kowa Alhaji Allah ya saka. Abokin takarata bai taɓa shebur ba, kanofi biyu ya saya da kujerun roba, duk mai suna ko biki ko zaman makoki ya aiko ya ɗauka kyauta. Ran zaɓe na dafa shinkafa da wake tukunya guda, suka ci suka sha lamurje suka je suka dangwala masa. Keken ɗinkina ɗaya na sayar don in biya mai fosta. Itatuwan kuwa wata tsohuwa ta cire katakon ta hura wuta, tumaki suka gama da sauran, guda ɗaya ya rayu shi ma mai gida ya sare wai saiwa za ta fasa masa gini. Sama da 20,000 suka tafi, kuɗin lokacin fa.

Ummu Faiza: 20,000 kai Alhaji! Yayana ya ci a Disamba 2023, ko 6,000 bai kashe ba. Fosta kaɗan da bi gida gida bayan la'asar.

Rasta Nima: Anti fosta kaɗai yanzu ta cinye 6,000, ki tambayi masu bugawa a Niyu Tawun.

Ummu Faiza: Ni na riƙe masa lissafi. Wahalar ma bayan cin take, lokacin da ya hau ba albashi, sai alawus na zama da babur, amma kafin ya dawo daga asuba mutane na ƙofa, wannan kuɗin makaranta, wancan matarsa na asibiti. Kuma gota babba ba shi ke ba da kwangila ba, sai dai ya kai kuka majalisa ya jira.

Alhaji Tela: Wadda ba ta taɓa ganin hotonta a takardar ƙuri'a ba kar ta koya min lissafi.

Ummu Faiza: Da girmanka Alhaji, amma shawarar wanda ya ci za a bi ko ta wanda ya faɗi?

Rasta Nima: Ni dai tumakin Nima zan tsayar, su ke da rinjaye kuma ba sa neman kuɗin mota 😂

Malam Ticha: Ku bar wasa. Kun manta 3 ga Yuni 2015? Ambaliyar ruwa da gobara a gidan man unguwar Sakul, sama da mutum 150 suka rasu. Babbar gotar Nima cikin kogin Odo take zuba, abin da muka jefa a nan shi ke toshewa a can. Ɗan Mamobi maganarka daidai ce, kuma tsire ba sai ka saya ba, tun da aka fara ranar dashen itace ta ƙasa a 2021 hukumar gandun daji kyauta take rabawa. Mai ban ruwa da mai kewayewa ne babu.

Hajiya Mai Koko: Malam da hadari ya haɗu ka leƙo layinmu ka ga yadda ake rige-rigen juye bola a gota. Amma ni ban ga laifin kowa ba, mai aboboya sidi 5 yake karɓa buhu.

Rasta Nima: 5 ina? Mu 10 muke biya, in ka yi magana ya ce juji ya yi nisa, mai ya hau.

Hajiya Mai Koko: To ka ji. Ga masu gida sun mai da ban ɗaki ɗakin haya, gida mai ɗaki goma sha ba masai, da asuba ka bi layi a na gwamnati kuma ka biya, yaro in ya matsu da dare sai leda, ledar ina za ta?

Baba Sidi: Namu ya karɓi haya ta shekara biyu gaba ɗaya wai zai gina, har yau bulo ne a jibge a tsakar gida.

Ɗan Mamobi: Jama'a ba wanda ya ce min komai kan abokin babana fa.

Ummu Faiza: Baba Sidi shekara biyu? Ai doka wata shida ta ce, ku kai shi ƙara mana.

Baba Sidi: In kai shi ƙara in kwana ina, ɗakinki?