Fitsarin kare yana ƙona min ciyawa, ina mafita?

Maman Yara, Kaduna: Salamu alaikum. Muna da karya mai gadi. Maigida ya kashe kuɗi ya dasa ciyawa a bayan gida, yanzu duk ta yi tabo-tabo, tsakiya ta bushe, gefen kuma kore shar. Mai lambu ya ce a ƙara taki. In ƙara?

Likitan Dabbobi, Zariya: Hajiya, kada ki ƙara. Fitsarin kare cike yake da sinadarin naitirojin, irin na takin yuriya. Ya yi yawa ne a wuri ɗaya ya ƙone tsakiyar, gefen da ya samu kaɗan ya yi kore. Karya kuwa tsugunawa take yi ta juye shi gaba ɗaya, shi ya sa ɓarnarta ta fi ta namiji. Da ta gama, a kwara bokitin ruwa a wurin. Kada kwanonta ya rabu da ruwan sha, musamman lokacin bazara. Kuma kada a ba ta wani magani wai don a gyara fitsarin, sai likita ya duba ta.

Baban Lambu: Ni nawa, kusurwa na ware masa bayan tankin ruwa, na zuba yashi da tsakuwa. Da an sake shi da daddare, can ake fara kai shi da igiya har ya saba. Inda ciyawar ta mutu ki kankare, ki jiƙa sosai, ki dasa ƙiri-ƙiri, tana yaɗuwa da sauri.

Maman Yara, Kaduna: Na gode, Likita. Baba, tsakuwar ba ta wari?

Baban Lambu: Tana yi in aka bar ta. Ki sa a riƙa wanke ta da tiyo.