Wasan Duke da ƙananan jami'o'i a Nuwamba: riba ce ko asara?

Sadiq: Jama'a, ni ra'ayina shi ne, babbar jami'a kamar Duke ta Amurka ba ta samun komai idan ta gayyato ƙaramar makaranta ta zo gidanta su buga ƙwallon kwando a watan Nuwamba. In ta ci, ba wanda zai yaba. In aka ci ta, abin kunya ne na shekaru. Tun 2018 da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kawo ma'aunin NET na jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, cin ƙungiyar da ke ƙasa da matsayi na 160 a gidanka yana faɗawa rukuni na huɗu ne, wato na ƙarshe a daraja, kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga babbar gasar ƙasa ta watan Maris ba ya ko kallonsa. Ga kuma kuɗin da ake biyan baƙin don su zo.

Malam Bashir: Sadiq, duk ƙananan ka haɗa su a kwando ɗaya, nan ne ban yarda ba. Ka tuna jami'ar Stephen F. Austin ta jihar Texas? A Nuwamba 2019 Duke ce ta ɗaya a Amurka, ta riga ta doke Kansas a New York. Yaran Stephen F. Austin suka shigo Cameron, ɗakin wasan Duke, suka ci ta 85 da 83 bayan ƙarin lokaci. Rabon da wata ƙungiya daga wajen gasar ACC, wato gasar yankin da Duke take bugawa, ta ci Duke a wannan ɗaki tun shekarar 2000, wasa 150 a jere.

Sadiq: To ai hujjata ke nan, Malam. Wasan da ba riba, sai haɗari.

Anti Rabi: A'a ƙanina, ka dubi yadda aka ci su. Kocin Stephen F. Austin, Kyle Keller, ya horar da 'yan wasansa su manne wa mai ƙwallo, su tare hanyar miƙawa, ba sa barin kowa ya yi numfashi. Duke kuwa akwai sababbin shiga da dama a cikinta, su Vernon Carey da Cassius Stanley. Suka dinga zubar da ƙwallo, fiye da sau 20. Har ƙwallon ƙarshe ma haka ta kasance: ta kuɓuce musu a ƙarƙashin kwando, aka kwanta a ƙasa aka ƙwato ta, aka miƙa wa Nathan Bain, ya ruga shi kaɗai ya zura ta lokaci na cika. Krzyzewski, kocin Duke a lokacin, ya ga raunin yaransa tun kafin a shiga gasar ACC. Wannan ba riba ba ce?

Malam Bashir: Kuma waɗanda kake cewa ƙanana, sun gama kakar da nasara 28, sau 3 kacal aka ci su. Ba don korona ta sa an soke gasar Maris ta 2020 ba, da ba wanda zai so a haɗa shi da su a zagayen farko.

Sadiq: Na ji wannan, amma ɗaya ce cikin nawa? Yawanci da maki 30 ake lallasa su, manyan 'yan wasa na zaune a benci tun saura minti goma.

Anti Rabi: Shi ya sa aikin yana wajen zaɓen abokin karawa. Kafin a sa hannu, a duba: 'yan wasa nawa suka dawo daga bara, mai riƙe musu ƙwallo ya daɗe yana bugawa, kuma ana sa ran su lashe gasar yankinsu? Irin waɗannan nake so Duke ta riƙa gayyata, don su ne za ta iya cin karo da su a Maris.

Sadiq: In dai masu shirin lashe yankinsu ne, na yarda a buga da biyu ko uku. Sauran guraben, Anti, har yanzu ina nan kan bakana, a je gidan Kansas ko Arizona a buga.